Alfadari ya hau, ingarma aka zana

Sani Mai Zane:
Assalamu alaikum. Jiya a aji na nuna wa ɗalibaina zanen nan na Napoliyon da kowa ya sani, wanda doki ya yi taɓarya a bakin dutse, iska na kaɗa alkyabba, shi kuma ya ɗaga hannu yana nuna sama. Jacques-Louis David ya zana shi a 1801. Ina cikin nuna musu yadda haske ya kwanta a cinyar dokin, sai wata yarinya ta ce, "Malam, a wannan santsin ai faɗuwa zai yi." Aji ya kwashe da dariya. Dole na faɗa musu gaskiya, cewa a watan Mayun 1800 da ya tsallaka duwatsun Alps zai shiga Italiya, alfadari ya hau, wani ɗan ƙauyen wurin na jan ragama. Ta ce, "To ashe ƙarya aka zana." Na yi ta kame-kame har aka buga ƙararrawa. Shi ne na kawo muku. Hotunan nan na sarakunan Turai a kan doki, musamman na ƙarni na 18 da suka cika fadojinsu, ƙarya ce ko me za mu kira su? Ga wasu nan na turo ku duba.

Umar Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, ai yarinyar ta gama magana. Ƙarya ce mai tsada. Ba ta da maraba da fastar ɗan takara da ake goge masa tamoji a kwamfuta a ɗora shi kan kili, alhali ko jaki bai taɓa hawa ba.

Abdu Damagaram:
Mu nan a lakwal muka fara ganin hoton nan cikin littafin tarihi, kuma mushe, wato malaminmu, bai taɓa ambatar alfadari ba. Ku ƙara girman hoton ku dubi duwatsun da ke ƙasan kofaton dokin. An rubuta sunan Bonaparte, kusa da shi na Hannibal da na Sharlaman, wato manyan da suka ƙetare duwatsun da runduna kafin shi. Mutumin ma ƙin zama ya yi a zana shi. An ruwaito ya ce shi dai a nuna shi a natse a kan doki mai zafin kai, kama ko rashin kama ba ta dame shi ba. Sau biyar David ya yi zanen. Abin dariyar, na farkon Sarkin Spaniya Carlos na huɗu ne ya sa aka yi don ƙulla zumunci. A 1808 Napoliyon ya raba shi da gadon sarauta ya ɗora yayansa Joseph. Mai doki ya koma kuturi.

Umar Fagge:
Kai! Da kuɗinsa ya sayi hoton wanda zai ci shi.

Baba Lawal Jikan Shamaki:
Yara, ku ba ni wuri in sa baki tunda maganar doki ce. Na fi shekara arba'in ina shiga barga. Na duba hotunan da Malam Sani ya turo ɗaya bayan ɗaya, kuma ni ba fuskar sarakunan nake kallo ba, ƙafafun baya nake kallo da hannun linzami.

Taɓarya iri biyu ce. Akwai ta firgita, doki ya miƙe tsaye ƙyam, kai a sama, ido a waje, mahayi ya rungume wuya yana salati. Akwai kuma ta horo, wadda doki zai lanƙwasa gwiwoyin baya kamar zai zauna, ya tattara nauyinsa a kuturi, ya ɗaga gaba kaɗan kawai ya naɗe ƙafafun. Ta biyun ce a yawancin hotunan nan, kuma wallahi ta fi ta farkon wuya nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa tsayar da doki a jahi gaban sarki ya san yadda baya ke durƙushewa in an ja linzami. To a ce doki ya tsaya a wannan hali da kansa, ba tare da an yaga masa baki ba.

Sannan ku dubi hannu. Ɗaya ne kawai a linzami, kuma ba a ɗame ba. Ɗayan yana riƙe da sanda ko takobi. Fuska kamar mai jiran a kawo masa fura. Mai zanen cewa yake yi, ga dabba mai ƙarfin mutum goma, ga wanda ya juya ta da yatsa biyu, ku da ke ƙarƙashinsa sai ku yi wa kanku hisabi.

Sani Mai Zane:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ka gano da ido, makaranta guda suka yi masa. Wani Bafaranshe, La Guérinière, ya fitar da littafin horon doki a 1733, kuma a 1735 aka kammala babban zauren horon dawaki na fadar Biyana, inda har gobe fararen dawakinsu ke yin wannan tsayuwa. Ɗan sarki a lokacin yana koyonta kamar yadda yake koyon rawa da takobi. Salon zanen kuwa ya girmi ƙarnin. Titian ya zana Sarki Charles na biyar a kan doki tun 1548, bayansa Velázquez da Van Dyck suka ɗora. Na ƙarni na 18 gado suka tarar.

Umar Fagge:
Baba, ranka ya daɗe, ban musa maka a kan doki ba, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Amma ga wani misali. Sarkin Ingila George na biyu, shi ne na ƙarshe a sarakunansu da ya ja runduna da kansa a fagen daga, a Dettingen cikin Jamus, watan Yunin 1743, yana da shekara 59. Da igwa ta fara tashi dokinsa ya ƙwace da shi a guje, da ƙyar aka tare. Sauka ya yi ya ƙarasa yaƙin a ƙasa, takobi a hannu. Je ka dubi zanen da John Wootton ya yi na ranar: yana zaune daram a sirdi kamar ba abin da ya faru. Ina dokin da ya gudu?

Baba Lawal Jikan Shamaki:
Umaru, wannan kam ba zan yi wa tsohon dariya ba, don ya taɓa faruwa da ni. Wata ƙaramar salla ina kan wani danda da na yi wata takwas ina kiwo, an sa masa jalala sabuwa, ni kuma rawani har da kunne biyu. Muna zuwa kusa da ƙofar fada 'yan bindiga suka saki wuta a gefen kunnensa. Ban san sanda muka bar layi ba. Likkafa ɗaya ta fita, rawani ya warware yana bin mu a baya kamar tuta, sai cikin rumfar mai lemo muka tsaya. Da yamma mai hoto ya zo gida, na sake naɗi, yaro ya riƙe ragama ya ɓuya a bayan dokin, aka ɗauka. Hoton yana nan a zaure. Duk jikan da ya tambaye ni sai in ce ranar hawan salla ce, kuma ban yi ƙarya ba.

Ni a gani na, tsoho mai shekara kusan sittin da ya sauka ya tsaya a ƙasa gaban harsashi ya fi wanda aka zana jarumta. Mai zanen ne ya rage masa.

Malama Hadiza:
Baba ka sa ni dariya har yara suna tambaya ta lafiya. Amma Umar, kada ka yi musu kuɗin goro. Dubi na Katarina ta Rasha da Vigilius Eriksen, mutumin Denmak, ya zana. Tana kan farin doki mai suna Brilliant, sanye da koren kakin dogaran fada, takobi a zare, gashi a sake, kuma hawan maza ta yi, ƙafa nan ƙafa can. Wannan ya faru. A ƙarshen watan Yunin 1762 ta ari kakin wani hafsa, ta hau doki ta ja dubban sojoji daga birnin Petersburg zuwa Peterhof don ta karɓe mulki daga mijinta, Peter na uku. Bai yi kwana goma ba ya mutu a tsare.

To ka ga nan zanen bai ƙirƙiri komai ba, zaɓa ya yi. Matar nan Bajamushiya ce, ba ta da ɗigon jinin gidan sarautar Rasha. Da me za ta kafa hujja? Da ranar da soja suka bi ta. Sai ta sa aka kama wannan ranar aka rataye a ɗakin gadon sarauta na Peterhof, duk jakadan da ya shigo ya gani. Mijin kuwa ko inuwarsa babu a ciki.

Ba ita ta fara ba ma. Sarauniya Elizabeth ta Rasha, wadda ita ma dogarai suka ɗora a 1741, Grooth ya zana ta a 1743 cikin kakin soja a kan baƙin doki. Abin da ke tsaya mini a rai a wannan shi ne yaron da ke gaban dokin, baƙar fata, an yi masa ado kamar ɗan tsana. Irinsu suna da yawa a hotunan manyan Turai na lokacin, an sa su ne kamar yadda ake sa kayan ƙawa, kuma galibi ba a damu da rubuta sunansu ba. Kullum in na gani sai in ce ɗan wa ne wannan, daga wane gari aka ɗauko shi.

Ustaz Nura:
'Yan'uwa, tunatarwa ce kawai. Zana abu mai rai magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kada sha'awar abin ta ɗauke mu.

Sani Mai Zane:
Mun gode, Ustaz, Allah ya saka. Muna duba su ne a matsayin tarihi, mu gane abin da masu mulki suka so a gani. Wancan babin a ware masa rana, ka ja mu.

Malama Hadiza:
Maganar Ustaz ma ta tuna mini wani abu. Zamanin Katarina ɗaya ne da na Bawa Jan Gwarzo a Alƙalawa. Ba mu da hoton Bawa ko ɗaya, amma wa zai ce bai san girmansa ba? Aikin da mai burushi ya yi a can, maroƙi da makaɗin fada suka yi a nan. In an ce wa sarki giwa ko toron giwa, ba wanda ke zuwa neman haure. Malam Sani, ka ce wa ɗalibarka kirari ne aka yi da fenti.

Umar Fagge:
Anti, nan ne fa ban yarda ba. Kirari kowa ya san kirari ne, da ka ji tambari da algaita ka san an shiga fagen zuga. Hoto kuwa ido yake kamawa, kuma mu muka ce gani ya kori ji. Abdu ya faɗa mana yanzu, a littafin tarihi aka sa musu shi, ba a littafin waƙa ba. Yara nawa suka tashi da yaƙinin haka aka tsallaka dutsen?

Abdu Damagaram:
Ni ɗaya ne daga cikinsu, sai da na girma na ga wanda Delaroche ya yi wajen 1850, ga alfadari ya sunkuyar da kai, ga Napoliyon ya takure cikin sanyi. Na ji kamar an cuce ni.

Sani Mai Zane:
Umar, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ina ganin ku biyun kuna da gaskiya, bambancin shi ne wa ke kallo. Bafaden da ke tsaye a zauren da aka rataye hoton ya san sarkin, ya san ƙibarsa da ciwon ƙafarsa, wataƙila ma yana wurin ranar da dokin ya gudu. A wurinsa kirari ne. Matsala tana farawa ne in hoton ya fita daga fada.

Ga misali daga zanen yaƙi. Janar Wolfe na Ingila ya mutu a yaƙin Quebec a 1759, mutum uku ko huɗu ne a kansa, sauran suna can suna fama. A 1770 Benjamin West ya zana mutuwar: hafsoshi sun kewaye shi, tuta a bayansa, ga wani jarumin 'yan asalin Amurka ya durƙusa ya yi tagumi. Yawancinsu ba sa wurin. Amma West ya sa musu kakin da ake sawa a lokacin, maimakon tufafin Rumawan da kamar yadda aka saba, sai abin ya yi kama da rahoton wanda ya gani da ido. A 1776 William Woollett ya sassaƙa shi a farantin tagulla aka buga dubbai, ya shiga gidaje da shaguna. Daga nan duk wanda ka tambaya yadda Wolfe ya mutu, hoton zai ba ka labari.

Umar Fagge:
Dokin mai baki ya fi gudu ke nan.

Abdu Damagaram:
To amma kada a zubar da su duka. David Morier, wanda ya yi wa ɗan George na biyu aiki, wato Cumberland, ya zana sojojin Ingila runduna-runduna wajen 1751, uku-uku a kowane allo, har maɓalli da ɗinkin hula. Masu binciken kakin soja da su suke aiki yau. Kamar dai zanen barden Sarkin Bagarmi cikin lifidi da ya fito a littafin tafiyar Denham da Clapperton a 1826. Baƙo ne ya zana, da idon baƙo, amma ana ganin yadda aka lulluɓe doki da mahayi.

Malama Hadiza:
Haka ne, a wajen maɓalli da sirdi ba su cika ƙarya ba, don mai biyan kuɗin zai lura. A wajen gawa ne suke rufe ido. Kuma ba Turai kaɗai ba. Sarkin Sin Qianlong yana da wani ɗan Italiya a fadarsa, Giuseppe Castiglione, ɗan mishan ne da ya zauna a Beijin har ya mutu a 1766. Ya zana sarkin cikin sulke a kan doki, da baka da kwari, dokin yana takawa a hankali ba taɓarya, fuskar kuma ba inuwa ko kaɗan don fadar ba ta son a ga duhu a fuskar sarki. Bayan yaƙe-yaƙen yammacin ƙasar na 1755 zuwa 1759, sarkin ya sa aka zana hotuna 16, aka ɗora su a jirgin ruwa har Paris aka sassaƙa a tagulla ƙarƙashin kulawar Cochin, aka dawo masa da su. In ka gan su, ga tsaunuka, ga dawaki a jere, kyau kamar me. A wannan yaƙin ne aka kusa shafe al'ummar Dzungar daga doron ƙasa.

Baba Lawal Jikan Shamaki:
Inna lillahi. Allah ya kyauta.

Malam Sani, cikin waɗanda ka turo akwai wani jan doki mai farar geza, shi kaɗai, ba mahayi, ba sirdi, ba ƙasa ba sama. Wannan ne kawai na ga doki na gaske. Jijiyar cinyarsa ma tana inda take. Sauran da yawa kai ƙarami, gindi kamar buhun gero. Wa ya yi shi?

Sani Mai Zane:
Baba, idonka bai yi kuskure ba. Whistlejacket sunan dokin, George Stubbs ya zana shi wajen 1762, tsawon zanen ya kusa mita uku, yana babban gidan zane na Landan. Mutumin nan wata 18 ya yi a wani gidan gona a ƙauyen Horkstow yana feɗe matattun dawaki. Sai ya rataye gawar da ƙugiyoyi a tsaye kamar mai rai, ya ɗaye fata ya zana, ya cire tsoka ya zana, har ya kai ƙashi, ga wari. A 1766 ya buga littafinsa a kan ƙirar jikin doki. Akwai labarin da ake yaɗawa cewa da Sarkin Ingila George na uku za a ɗora a kai sai aka fasa, amma ba a samu takardar da ta tabbatar ba.

Baba Lawal Jikan Shamaki:
Gara da aka fasa. Da sun ɓata shi.

Umar Fagge:
Tambaya ɗaya. Da gaske ne in ƙafa biyu na sama mahayin a yaƙi ya mutu, in ɗaya ce rauni ya ji?

Abdu Damagaram:
Zancen masu yawo da baƙi ne. Mutum-mutumin Peter Babba da Katarina ta sa Falconet ya yi, aka buɗe a 1782, ƙafa biyu ne a sama, kuma a kan gado ciwo ya kashe shi.

Kuma Umar, game da ko mutanen lokacin sun gane saƙon, dubi abin da suka yi da suka fusata. Ranar 9 ga Yulin 1776 mutanen New York suka ja mutum-mutumin George na uku da dokinsa da igiya suka kayar, na dalma ne, aka narka aka yi harsashi sama da 42,000 aka harbi sojojinsa da su. A Paris na Louis na 15 da aka kafa a 1763 an tumɓuke shi a watan Agustan 1792, kuma a wannan filin aka sare kan jikansa a Janairun 1793. Ba wanda ya tsaya tambayar ko dokin ya yi kama.

Umar Fagge:
Wannan na karɓa. Amma ina nan kan bakana game da littafin makaranta. In za a sa na David, a sa na alfadarin a gefensa.

Sani Mai Zane:
Haka zan yi ranar Litinin in Allah ya kai mu. Zan manna su biyun a allo, in sa mai tambayar ta fara magana. Baba, in ka yarda a ɗauko mini hoton nan na zaure in haɗa da shi.

Baba Lawal Jikan Shamaki:
Ka bar hoton nan inda yake, jikokina suna cikin makarantarku. Abdu, shi ɗan ƙauyen da ya ja ragamar, an sallame shi kuwa?

Abdu Damagaram:
An ruwaito Napoliyon ya sa an ba shi kuɗin da ya mallaki gida, Baba.

Baba Lawal Jikan Shamaki:
To madalla. Alfadarin fa, ko dusa aka ƙara masa?